Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya hana ni cikona: zamba ce ko bashi?

"Barista, ni mai walda ne, shagona yana Tudun Wadan Zariya. Wani Alhaji ɗan kwangila ya samu aikin gina azuzuwa a wata makaranta, ya ba ni aikin ƙofofi 24 da tagogi 72 a kan naira miliyan 6 da dubu 800. Ya ba ni kafin alƙalami miliyan 2, ya ce sauran sai an biya shi. Na ci bashin ƙarfe a Sabon Gari na gama aiki, an kafa, yara ma sun shiga azuzuwan. Yau wata 14 ke nan ban ga cikona ba. Na samu labarin an biya shi tuni, har ya canza mota, amma kullum sai ya ce takarda ba ta fito ba. Wata biyu da suka wuce ya rubuta mini cek na miliyan 1 da rabi da kwanan watan ranar, ya ce kada in kai banki sai ya kira ni, har yau bai kira ba. Ba mu yi yarjejeniya a rubuce ba, sai saƙonnin WhatsApp. 'Yan'uwa suna cewa wannan damfara ce, in kai shi wajen 'yan sanda ko EFCC. Shin zamba ce ko bashi, kuma me ya kamata in yi?"

Malam, Allah ya warware maka, ya kuma rufa maka asiri a wajen masu ƙarfen da ke binka. Irin tambayarka ce ta fi kawo masu sana'ar hannu ofishina: birkila, kafinta, mai bulo, mai tifar yashi, mai aikin wuta. Zariya gari ne na makarantu da cibiyoyin gwamnati, tun daga Samaru da Shika har Kongo da Gyallesu, saboda haka aikin gini ba ya yankewa, kuma wanda sunansa ke kan takardar kwangila ba kasafai yake zama wanda ya riƙe guduma ba. Idan kuɗi suka fito, sau da yawa sai a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da kake son sani shi ne ko abin da Alhaji ya yi maka laifi ne da hukuma ke kamawa ta hukunta, ko kuwa haƙƙi ne da kai za ka nema da kanka a kotu. Amsata ba lalle ta yi wa 'yan'uwanka daɗi ba. Bisa abin da ka faɗa, mafi yawan al'amarin bashi ne, bashi mai tauri wanda ke tattare da zalunci, amma dai bashi. Wuri ɗaya ne ya fita daban, wato cek ɗin da ke hannunka, kuma shi ne lokaci ke neman ƙure wa.

Abin da ya raba zamba da bashi

A bakin jama'a, duk wanda ya ci kuɗinka ya hana ka barci ɗan damfara ne. A wajen doka kuwa kalmar ba ta da faɗi haka. Dokar Final Kod, wato kundin laifuffuka da hukuncinsu, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta bayyana zamba a sashe na 320 da cewa mutum ya yaudari wani, ta hanyar yaudarar nan kuma ya sa shi, da mugun nufi, ya miƙa dukiya ko ya aikata abin da ba zai aikata ba da ya san gaskiya, har abin ya cutar da shi. Jihar Kaduna ta yi sabon kundin Final Kod nata a 2017, lambobin sassa sun canza, amma ma'anar tana nan yadda take. Ka lura da yadda abubuwan suka jeru: yaudara ce a gaba, miƙa kaya yana biye da ita, kuma yaudarar ce ta jawo miƙawar. Don haka alƙalin da ke sauraron tuhumar zamba ba zai tsaya a kan ko an biya ka ba, ko irin wahalar da ka sha. Abin da zai tambaya shi ne: a ranar da ka yarda ka kunna injin walda saboda Alhaji, me ya faɗa maka wanda ƙarya ne, kuma me ke cikin zuciyarsa a wannan rana?

Mutumin da ya karɓi aikinka da niyyar biya, daga baya ya ga kuɗi idonsa ya rufe, ko ya zuba su a wata kwangilar, ko ya sayi mota, ya saɓa alƙawari kuma ya cuce ka, amma bai yi zamba a ma'anar doka ba. Wanda kuwa ya zo maka tun farko yana sane ba zai biya ba, alƙawarinsa tarko ne kawai, wannan ya yi zamba ko da kun rubuta yarjejeniya mai shafi goma da sa hannun shaidu. Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya raba tsakanin wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya da wanda ya karɓa yana nufin halaka ta, wani hadisin ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci, Alƙur'ani kuma a Suratul Baƙara ya yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Mutum uku ke nan: macuci tun asali, mai hali mai taurin bashi, da wanda ya gaza. Dokar laifi na farkon take nema. Sauran biyun, kotun neman haƙƙi ce ke da su.

Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya, wadda EFCC ta fi gurfanar da mutane a ƙarƙashinta, kuma ita ce jama'a ke nufi idan sun ce 419, duk da cewa lambar daga kundin laifuffuka na Kudu ta samo asali. Hukuncinta ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ne, babu zaɓin tara. Ta fayyace cewa ƙaryar da take magana a kai ita ce wadda ta shafi abin da ya riga ya faru ko wanda yake nan a halin yanzu, mai faɗar kuma ya san ƙarya ce ko bai yarda gaskiya ce ba. "An ba ni kwangila" alhali ba a ba shi ba, ƙarya ce a kan abin da ke ƙasa. "Zan biya ka ƙarshen wata" alƙawari ne a kan gobe. Dokar ta kuma ce ƙulla yarjejeniya ba ya wanke mai laifi idan da ƙarya aka ƙulla ta. Saboda haka masu cewa duk inda akwai ciniki babu laifi sun yi kuskure, kamar yadda masu cewa duk rashin biya damfara ce suka yi.

Tun da ba a tsaga ƙirji a ga niyya, kotu daga alamu take karantawa. Shekarun baya wani mai sayar da siminti ya zo mini da takardar ba da kwangila mai hatimi da sa hannu, wadda wani mutum ya nuna masa. Mutumin ya ɗauke shi a mota har bakin wani gini da ake yi, ya gaisa da leburori kamar mai wurin, ya nuna masa inda za a zuba dakali, sannan ya karɓi buhu 600 a kan za a biya bayan mako biyu. Da muka bincika sai muka tarar ginin na wani ne daban, ofishin da aka ce ya ba da aikin bai san da takardar ba, simintin kuma bai kwana a wurin ba, an sayar da shi a wani gari ƙasa da kuɗin sari. Bayan haka wasu mutum biyu suka bayyana da kwafin takarda iri ɗaya. Ban yi wata-wata ba na rubuta takardar koke, domin duk alamun sun haɗu: takardar bogi, aikin da babu shi, karyar da kaya cikin gaggawa, kashe waya, da maimaita dabarar a kan mutane da yawa.

Yanzu ka auna naka da wannan. Kwangilar Alhaji gaskiya ce, makarantar tana nan, ƙofofinka suna jikin gini, ya ba ka miliyan 2 tun kafin ka fara, bai gudu ba, yana ɗaukar wayarka ko da ƙarya zai yi maka. Lauyansa ba zai sha wahala ba wajen nuna cewa wanda ya yi niyyar cuta tun farko ba ya fara da biyan kusan kashi 30 cikin 100. A shari'ar laifi kuma, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da tuhuma ba tare da sauran shakka mai ma'ana ba, alhali a shari'ar neman haƙƙi ya isa hujjarka ta rinjayi tasa.

Za ka ce ai yana yi maka ƙarya cewa takarda ba ta fito ba. Haka ne, idan labarin da ka samu ya tabbata. Amma wannan ƙarya ta zo ne bayan ka riga ka miƙa kaya, ba ita ta fitar da su daga shagonka ba. Inda za ta yi nauyi shi ne idan a tsakiyar aiki ne ya yi ta. Misali, a ce ka tsaya bayan ka kai ƙofofi ka ce ba za ka taɓa tagogi ba sai ka ga kuɗi, sai ya turo maka hoton wata takardar biya ta bogi, ko alat ɗin banki na ƙarya, ko ya rantse ba a ba shi ko kwabo ba alhali an biya shi rabin kuɗin, kai kuma saboda haka ka ci gaba. A nan an samu yaudarar da ta sa ka miƙa sabon kaya, kuma tagogin da suka biyo baya za su iya zama tushen tuhuma. Don haka ka koma cikin saƙonninku ka bi su da kwanan wata, ka ga me ya faɗa kafin kowane kaya ya bar shagonka.

Batun cin amana

Abu na biyu da ake yawan rubutawa a takardar koke shi ne cin amana, wanda tsohon Final Kod ya bayyana a sashe na 311. Mai sana'a yakan ce, "Kuɗin tagogina suna cikin abin da aka biya shi, ya cinye." A zuciya wannan magana daidai ce, amma a doka kuɗin da makaranta ta biya Alhaji nasa ne, domin da shi ta yi yarjejeniya. Kai bashi kake binsa, ba ajiya ka ba shi ba. Cin amana yana buƙatar a ce an damƙa wa mutum dukiya ko iko a kanta domin wata manufa, sai ya karkatar da ita da mugun nufi. Da a ce makarantar ta ba shi wasu kuɗi takamaimai ta ce ya kai wa mai walda, ko kai ka ba shi injinka ya ajiye a wurin aiki sai ya sayar, da magana ta canza. Haka nan abin da ake yi a garin nan na aron kamfani, inda mutum zai samo aiki da sunan kamfanin wani, ya yi aikin da kuɗinsa, kuɗi su faɗa asusun mai kamfani ya ƙi saki: wannan ya fi kusa da cin amana, ko da yake mai aron shi ma yakan shiga kotu da rauni, tun da ya ɓoye wa masu aiki gaskiyar wanda ke yi musu aiki.

Akwai shari'ar da ta taso daga jiharmu wadda nake so duk mai shirin kai abokin ciniki caji ofis ya sani, wato ta Kure da Kwamishinan 'Yan Sanda. An biya mutum kuɗi ya samo ɗan raƙumin dawa domin jihar Ribas, bai kawo ba, aka gurfanar da shi a kotun majistare a Kaduna, aka same shi da laifi. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a 2020 ta soke hukuncin, ta ce abin da ke tsakaninsu ciniki ne da aka saɓa, maganinsa ƙarar neman haƙƙi, ta kuma yi tir da yadda ake jawo 'yan sanda cikin irin wannan rikici. Ka dubi shekarun da aka ɓata a kan hanyar da ba ta ɓulle ba.

Me ya sa ba na son ka fara da caji ofis

Na san abin da ya sa mutane ke zuwa can. Kotu tana da jinkiri, caji ofis kuwa yau ka kai ƙara gobe an ɗauko mutum, kuma babban mutum da ya kwana ɗaya a bayan kanta yakan tuna inda ya ajiye kuɗi. Ba zan ce maka hakan ba ya taɓa aiki ba. Amma doka ta hana shi a fili. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce ba za a kama mutum don kawai rikicin neman haƙƙi ko saɓa yarjejeniya ba, sashe na 8 na dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ma haka ya ce, jihar Kaduna kuma ta yi irin wannan doka tata a 2017. Tun a 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗa a shari'ar McLaren da Jennings cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne, a 2018 kuma Kotun Ƙoli ta faɗi haka game da EFCC a shari'ar bankin Diamond da Opara. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a.

Wanda ya kai rahoton laifi da zuciya ɗaya ya bar 'yan sanda su yi aikinsu, doka ba ta kama shi. Wanda ya san bashi ne ya yi masa rigar damfara, ya biya kuɗin mota, ya nuna gida, ya tsaya a kan sai an kulle, shi ne ake haɗawa da 'yan sanda a ƙarar take haƙƙin ɗan Adam. Na ga wannan da idona. Wani mai bulo yana bin ɗan kwangila naira dubu 900, ya sa aka ɗauke shi ranar Juma'a da yamma, bai fito ba sai Litinin, bayan ya sa hannu a takardar alƙawarin biya a kan teburin mai bincike. Mai bulo ya zo ofishina yana murna da takardar a cikin leda. Ba a yi wata guda ba sammaci ya iso daga Babbar Kotu, aka ƙare da umartar sa shi da 'yan sanda su biya diyyar dubu 500, takardar alƙawarin kuma lauyan ɗaya ɓangaren ya ce da tilas aka karɓe ta. Bashinsa bai faɗi ba, amma sai da muka zauna aka cire wannan daga wancan. Ranar da ya karɓi ragowar, ya daɗe yana kallon kuɗin bai ce komai ba. Garin neman gira ya kusa rasa ido, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne tun farko shi ne mai gaskiya.

Ko da an yarda an gurfanar da Alhaji, ka sani shari'ar ta zama ta hukuma, kai shaida ne kawai. Kotu tana da ikon umartar mai laifi ya biya diyya ko ya mayar da abin da ya karɓa, amma sai bayan an same shi da laifi. Haka nan ka guji abubuwa biyu da fushi ke sa mutane: zuwa makaranta ka ɓalle tagoginka, da sa hotonsa a Facebook da sunan ɗan damfara. Tagogin sun zama jikin ginin wasu, ɓalle su ɓarna ce da shiga wuri ba izini, ɓata suna kuma laifi ne a Final Kod.

Hanyar karɓo cikonka

Rashin rubutacciyar yarjejeniya bai kashe haƙƙinka ba, domin ciniki irin naku yana ƙulluwa da baki. Abin da ake bukata shi ne hujja a kan abu uku: an ba ka aikin, kun yi tsada a kan adadi kaza, ka kuma kammala. Saƙonnin WhatsApp suna shiga kotu a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida, tare da takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro su, saboda haka kada ka sayar da wayar, kada ka goge komai, har da saƙon murya. Ka nemo bayanin asusunka da ke nuna shigar miliyan 2, rasit ɗin ƙarfe, hotunan aikin, mai motar da ya kai kayan, da wanda ya karɓa a wurin gini. Idan makarantar ta gwamnatin tarayya ce, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta musu ka tambayi ko an biya kwangilar da ranar da aka biya, kuma kwana 7 doka ta ba su su amsa. Wannan yana da muhimmanci a gare ka, tun da sharaɗinku shi ne sai an biya shi: ranar da kuɗi suka shiga asusunsa, ranar ce uzurinsa ya ƙare. Ka dai sani cewa a aikin gini masu aiki sukan riƙe wani ɗan kaso, galibi 5 cikin 100, har sai an ga ginin bai nuna matsala ba, don haka yana iya fakewa da cewa ba a biya shi duka ba.

Kada ka ɓata kuɗinka wajen ƙarar makarantar. Ba ta yi ciniki da kai ba, kuma ƙa'ida ita ce yarjejeniya waɗanda suka ƙulla ta kawai take ɗaurewa. Abin da za ka tantance shi ne da wa ka yi hulɗa: Alhaji a karan kansa, ko kamfaninsa. Ka duba sunan da ke kan cek da sunan asusun da ya turo kafin alƙalami, sannan a bincika rajistarsa a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Idan sunan kasuwanci ne kawai, shi da sunan abu ɗaya ne, dukiyarsa tana cikin abin da za a iya kamawa. Idan kuwa kamfani ne mai iyakantaccen alhaki, doka tana ɗaukar sa mutum ne daban, kuma motar da Alhaji ya saya da sunansa ba lalle hannunka ya kai gare ta ba.

Mataki na farko shi ne takardar neman biya daga lauya, mai adadi da wa'adi. Na sha ganin ta kawo amsar da ta fi kuɗin rubuta ta daraja, domin mai bashi yakan mayar da martani ya ce a yi masa haƙuri zuwa wata kaza, wannan kuwa amsa bashi ne a rubuce. Da irin wannan hujja, Babbar Kotu, wadda ke zama a Dogarawa nan Zariya, tana da hanyar gaggawa ga bashin da adadinsa ya tabbata, inda sai wanda ake ƙara ya nuna yana da kariya ta gaske kafin a buɗe doguwar shari'a. Majistare idan ya zauna a matsayin alƙalin gunduma shi ma yana sauraron bashi, amma da iyakar adadi. Idan ku biyun Musulmi ne kuma da shi kansa ka yi ciniki, kotun shari'ar Musulunci ma hanya ce, inda hujja ke kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Bayan hukunci ana iya neman kotu ta umarci bankinsa ya biya ka kai tsaye daga asusunsa, ko a kama kadara a yi gwanjo. A jihar Kaduna wa'adin shigar da ƙarar bashi irin wannan shekara 5 ne, don haka ba ka makara ba, amma kowane wata da ya wuce darajar miliyan 4 da dubu 800 raguwa take yi, farashin ƙarfe kuwa ba ya jiran kowa.

Ban raina sulhu ba, hasali ma shi nake fara nema. Ɗan kwangila da sunansa yake ci, kuma akwai mutanen da ba ya son su ji wannan magana: wanda ya haɗa ku, shugabannin ƙungiyar masu walda, mai unguwa, limamin da yake sallah a bayansa. Sharaɗina ɗaya ne, a rubuta abin da aka cim ma, da adadi da ranakun biya da sa hannunsa da na shaidu, a wuri na mutunci inda ba zai ce an tilasta shi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma da an bi ta ranar da aka ba ka aikin, da rabin wannan bayani bai taso ba.

Cek ɗin da ke hannunka

Dokar cek maras kuɗi ta 1977 ta mayar da shi laifi mutum ya ba da cek domin biyan abin da ke kansa a ƙarƙashin yarjejeniya, a kai shi banki cikin wata 3 daga kwanan watan da ke jikinsa, a dawo da shi saboda babu kuɗi ko ba su isa ba. Hukuncin mutum ɗaurin shekara 2 ne babu zaɓin tara, kuma Babbar Kotu ce ke sauraro. A nan ba sai an tono niyyarsa ta ranar farko ba. Kariyar da doka ta ba shi ita ce ya nuna cewa lokacin da ya rubuta cek ɗin yana da dalili mai ƙarfi na yarda za a biya, kuma ya yarda da hakan. Maganar da ya yi maka ta kada ka kai sai ya kira, da ita lauyansa zai riƙe, ya ce cek ɗin jingina ce ba biya ba, ko da yake tana iya juyowa kansa, domin mai kuɗi a asusu ba ya hana a je banki. Ko a tafi shari'ar laifi ko kada a tafi, cek ɗin hujja ce babba a ƙarar bashi, tun da ba a rubuta wa wanda ba ya bin ka komai cek na miliyan 1 da rabi.

Duk abin da na faɗa a kan bakinka kaɗai na gina shi. Ban ga saƙonnin ba, ban ji ta bakin Alhaji ba, kuma a irin wannan shari'a ɗan kwangila yakan zo da nasa ƙorafin, ya ce an kawo aiki a makare, ko ƙarfen bai kai kaurin da aka yi magana ba, ko an sake wasu ƙofofi da kuɗinsa. Idan akwai wani abu makamancin haka, ka faɗa wa lauyanka tun a zaman farko, kada ya fara jin sa a gaban alƙali.

Cek ɗinka ya riga ya cinye wata biyu cikin ukun. A wannan makon ka aika wa Alhaji saƙo a rubuce, cikin ladabi, ka sanar da shi ranar da za ka kai cek banki, ka ba shi kamar kwana 7 ya shirya. Idan ranar ta zo ka kai, ko ya kira ko bai kira ba. Idan an biya, ka rage wa masu ƙarfe nasu, a bi sauran miliyan 3 da dubu 300 ta takardar neman biya. Idan an dawo da shi, kada ka bar banki sai an rubuta dalilin dawowar a jikinsa ko a wata takarda mai hatimi da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka kai wa lauya asalin tare da wayarka.